Amfani da Tsohon Bidiyo Bayan Komawa Talabijin na Dijital: Misali daga Dugoi, Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

A gidaje da yawa na arewacin Kamaru, kamar yadda yake a Kano ko Maraɗi, akwai wata na'ura da ta daɗe a ƙarƙashin talabijin ko a saman kabad, ƙura ta lulluɓe ta. Wannan na'ura ita ce bidiyo mai cin kaset. Kusa da ita akan sami kwali ko tsohuwar jaka cike da kaset-kaset: na bikin aure, na suna, na saukar karatu, na hawan salla, na wa'azi, da na fina-finan Hausa da na Indiya. Tun da aka koma kallon talabijin ta hanyar dikoda, mutane da dama sun ɗauka bidiyo ya tashi daga aiki, domin ko an sa masa eriya ba ya kamo tashoshin da ake kallo yanzu.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana abin da ya canza da abin da bai canza ba. An ɗauki unguwar Dugoi, wadda ake rubutawa Dougoï a rubutun Faransanci, a matsayin misali. Dugoi tana cikin birnin Marwa, hedkwatar lardin Arewa Mai Nisa, kimanin kilomita 200 arewa da Garwa. An zaɓi wannan wuri ne saboda yana tsakanin Najeriya da Chadi, inda na'urori da kaset-kaset na tsari daban-daban suka haɗu, kamar yadda Fillanci da Hausa da Faransanci suka haɗu a bakin mutanensa.

Abin da takardar za ta nuna shi ne, sauyin da aka yi sashe ɗaya kawai ya kashe a cikin bidiyo. Sauran sassan suna nan da ransu. Daga cikin ayyukan da suka rage masa kuwa, akwai guda ɗaya da babu wata na'ura da za ta yi shi a madadinsa, wato buɗe abin da ke cikin tsofaffin kaset-kaset kafin su lalace.

2.0 Yadda Bidiyo Ya Shigo Gidaje

Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da kaset ɗin VHS a shekarar 1976, shekara guda bayan Sony ya fito da nasa mai suna Betamax. Biyun sun yi gasa, daga bisani VHS ya mamaye kasuwa, kuma shi ne ya iso gidajen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

A Kamaru ba a fara watsa shirye-shiryen talabijin ba sai a 1985. A 1987 aka haɗa talabijin da rediyo na gwamnati suka zama hukuma ɗaya, wato CRTV. Har zuwa watan Afrilu na shekarar 2000, lokacin da aka fitar da dokar da ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa nasu tashoshi, ta gwamnati ita ce kaɗai tashar cikin gida. Saboda haka duk wanda yake son kallon wani abu dabam, bidiyo ne mafitarsa.

A daidai wannan zamani ne fim ɗin Hausa ya taso a Kano. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa da ya shiga kasuwa. Zuwa 1999, lokacin da Sangaya ya fito, sana'ar ta riga ta bunƙasa. Kaset-kaset ɗin sun bi hanyoyin da sauran kayan fatauci ke bi: ta Yola da Mubi zuwa Garwa, ta Maiduguri da Banki zuwa Mora da Marwa. Haka kuma masu ɗaukar hoton biki suka yawaita, da manyan kyamarorinsu da ake saɓawa a kafaɗa, masu cin kaset ɗin VHS kai tsaye. Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin waɗannan kaset-kaset iri biyu. Fim ɗin kasuwa an buga shi da yawa. Kaset ɗin biki kuwa sau da yawa guda ɗaya ne tak a duniya.

Bayan shekarar 2000 faifan VCD ya fara ture kaset, DVD ya biyo baya, sannan wayar hannu ta ture su duka. A watan Yuli na 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyo mai cin kaset, ya daina. Ke nan duk bidiyon da ke Dugoi a yau tsoho ne, kuma babu wani sabo da ke tafe.

3.0 Analog da Dijital

Tsohon tsarin watsa hoto shi ake kira analog. A wannan tsari, saƙon da ke fita daga gidan talabijin yana hawa yana sauka daidai da haske da duhun hoton, kamar yadda inuwa ke bin siffar mai ita. Idan saƙon ya yi rauni, hoton yakan yi dishi-dishi, amma ana iya ci gaba da kallo a haka.

A tsarin dijital kuwa, sai an fara mayar da hoto da murya lambobi, wato jerin 0 da 1, a matse su, sannan a aika. Abin ya yi kama da wasiƙa. Wasiƙar da aka rubuta da ajami, idan ta faɗa hannun wanda boko kaɗai ya iya, ta iso lafiya, amma ba zai amfana da ita ba sai ya nemi mai karanta masa. Dikoda ita ce mai karanta wasiƙar. Tana karɓar lambobin, ta warware su, ta mayar da su hoto da murya. Shi ya sa hoton dijital ba ya yin dishi-dishi. Ko dai ya fito tar, ko ya daskare ya farfashe, ko ya ɗauke gaba ɗaya.

Dalilin sauyin shi ne tattalin zangon iska. Zango ɗaya mai faɗin megahaz 8, wanda a da tasha ɗaya ke cinyewa, yanzu yana iya ɗaukar tashoshi fiye da goma. Wurin da aka samu rara kuma, musamman zangon megahaz 700 da 800, an ware shi domin intanet na wayar hannu.

3.1 Yarjejeniyar 2006 da Abin da Ya Biyo Baya

A shekarar 2006, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya sun yi taro a birnin Jeneba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU. Sun amince a kammala sauyin a zangon UHF zuwa ranar 17 ga Yuni, 2015. Wasu ƙasashe, ciki har da Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi, an ƙara musu lokaci zuwa 2020 a zangon VHF. Ƙasashen Afirka da yawa ba su cika wa'adin ba. Kamaru ta fara watsa dijital ta eriya a Yawunde da Duwala a 2015, bisa tsarin da ake kira DVB-T2. Najeriya ta fara nata a Jos a watan Afrilu na 2016, ya iso Kano a watan Nuwamba na 2021.

A arewacin Kamaru gidaje da yawa ta dish suka shiga dijital, ko da dikodar biya irin ta Canal+ da StarTimes, ko da dikodar da ke kamo tashoshin kyauta. Ga mai bidiyo duk ɗaya ne. Ko ta eriya saƙon ya zo ko ta dish, lambobi ne, kuma bidiyo bai iya karanta su ba.

4.0 Ayyuka Uku na Bidiyo

Domin a fahimci matsalar, ya kamata a rarrabe ayyuka uku da bidiyo ke yi, waɗanda a da ake ganinsu kamar aiki ɗaya:

(a) Kamo tasha. A cikin bidiyo akwai wani sashe da ke karɓar saƙo daga eriya ya zaɓi tasha. Za a iya kiransa kunnen bidiyo.

(b) Naɗar hoto da murya a kan zaren kaset.

(c) Kunna kaset, wato karanta abin da ke kan zaren a aika wa talabijin.

Sauyin dijital aiki na farko kaɗai ya shafa. Kunnen bidiyo analog kawai yake ji. Aiki na uku babu ruwansa da eriya, domin tsakanin kaset ne da talabijin. Aiki na biyu kuma yana yiwuwa muddin aka sama wa bidiyo wani kunne, wato dikoda. Za a duba waɗannan ayyuka biyu ɗaya bayan ɗaya.

5.0 Kallon Tsohon Kaset

Akwai hanyoyi uku na haɗa bidiyo da talabijin.

Ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce waya mai kai uku. Kai mai ruwan ɗorawa na hoto ne, fari da ja na murya ne. Akan soka su a kafofin da aka rubuta AV OUT a bayan bidiyo, ɗaya gefen kuma a kafofin AV IN na talabijin, kowane launi da ɗan'uwansa. Daga nan sai a ɗauki rimot a mayar da talabijin kan AV. Bidiyon da ke da murya ɗaya kafa biyu gare shi, ta hoto da fara. Wannan ba lalacewa ba ce.

Ta biyu ta shafi injinan hannu da suka shigo daga Faransa ko Beljiyam. Waɗannan suna da wata faffaɗar kafa mai ramuka 21, wadda ake kira Péritel ko SCART. Faransa ce ta ƙirƙiro ta, ta kuma wajabta ta a jikin talabijin tun 1980. Ana samun ɗan kai da ke mayar da ita waya mai kai uku. Galibi yana da maɓalli mai gefe biyu, IN da OUT. Idan kallo ake so, OUT ake sawa. Yawancin lokutan da aka ce bidiyo ya ƙi nuna hoto ta wannan kafa, maɓallin nan ne yake a juye.

Ta uku ita ce wayar eriya. Bidiyo yana da wata 'yar tasha a cikinsa da ke fitar da hotonsa a zangon UHF, galibi kusa da lamba 36. Sai a sa talabijin ya nemo ta a ɓangaren analog. Hoton wannan hanya shi ne mafi rauni, kuma tana da wata matsala: injin da aka ƙera domin Ingila yana ɗora murya a megahaz 6.0, alhali tsarin Kamaru 5.5 ne. Sakamakon haka sai a ga hoto ba murya. Waya mai kai uku ba ta da wannan matsala.

Wasu sababbin talabijin na bango ba su da kafar AV sam, sai HDMI. A nan sai an sayi 'yar na'urar juyi daga AV zuwa HDMI. A lura da kyau wurin saye, domin akwai mai juyawa daga HDMI zuwa AV, kamarsu ɗaya, amma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Kada kuma a yi mamaki idan hoton bai yi kyau a babban talabijin ba. VHS layuka kimanin 240 yake iya rarrabewa, kuma an yi shi ne da siffar 4:3. Gara a sa talabijin a 4:3, a bar baƙi a gefe biyu, da a buɗe hoton fuskokin mutane su baje.

5.1 PAL da SECAM

Akwai wata matsala da ta fi damun garuruwan kan iyaka. A zamanin analog, Kamaru da Najeriya tsarin launi na PAL suke bi, Chadi da Nijar da Faransa kuwa SECAM. Amurka da Japan suna da nasu, NTSC. Kaset ɗin da aka naɗa da SECAM a Njamena, idan aka sa shi a bidiyon PAL a Dugoi, hoto zai fito amma baƙi da fari. Mai kaset sai ya ɗauka launin ya goge saboda tsufa, alhali yana nan a kan zaren. Kaset ɗin NTSC kuma gudun zarensa ma dabam ne, don haka bidiyon da bai san shi ba yakan hargitsa hoton da muryar. Maganin duka biyun shi ne bidiyo mai tsari da yawa, wanda akan rubuta sunayen tsare-tsaren a gabansa. Duk wanda ke da irinsa, ya riƙe shi da kyau.

6.0 Naɗar Shiri Ta Hanyar Dikoda

A ɗauka wani magidanci yana son ya naɗi wasan ƙwallo ko tafsirin azumi a kaset. Ga yadda zai jera na'urorin:

1. Wayar eriya ko ta dish ta shiga dikoda.
2. Waya mai kai uku ta fita daga AV OUT na dikoda ta shiga AV IN na bidiyo.
3. Wata waya mai kai uku ta fita daga AV OUT na bidiyo ta shiga talabijin.
4. A mayar da bidiyo daga lambar tasha zuwa kafar shigowa, wadda akan rubuta AV ko L1 ko LINE.
5. A zaɓi tasha a jikin dikoda. Idan hoton ya bayyana a talabijin ta cikin bidiyo, haɗin ya yi.
6. A sa kaset a danna REC.

Mataki na huɗu shi aka fi mantawa. Idan aka bar bidiyo a kan lamba 1 ko 2 kamar da, zai yi ta naɗar fanko har kaset ya ƙare.

Kaset ɗin da aka rubuta E-180 awa uku yake ɗauka a gudun SP. Idan aka sa LP zai ɗauki awa shida, amma hoto da murya za su ragu.

6.1 Iyakokin Wannan Hanya

Na farko, bidiyo ba ya zaɓar tasha yanzu. Duk abin da dikoda ta nuna shi zai naɗa. Idan yaro ya ɗauki rimot ya canza tasha, kaset ma ya canza. Idan aka ƙara murya ko aka buɗe jerin tashoshi, rubutun da ya fito a fuskar talabijin zai shiga kaset. A da ana iya kallon wata tasha ana naɗar wata, domin talabijin da bidiyo kowa da kunnensa. Yanzu kunne ɗaya suke rabawa, sai fa idan akwai dikoda ta biyu, ko talabijin ɗin yana da tasa a ciki.

Na biyu, agogon bidiyo yana iya tayar da naɗa a lokacin da aka sa masa, amma ba ya iya kunna dikoda. Dole a bar ta a kunne a kan tashar da ake so. Wasu dikododi kuma suna kashe kansu bayan 'yan awoyi idan ba a taɓa rimot ba, sai an shiga saiti an hana su. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda kan goge agogon tsohon bidiyo.

Na uku, bidiyo ba shi da kafar HDMI. Dikodar da ba ta da kafar AV sai an haɗa ta da na'urar juyi, kuma wasu tashoshin biya suna ɗauke da kariyar da ke hana kwafa.

Na huɗu, komai kyan hoton da dikoda ta kamo, ko da mai layi 1080 ne, da zarar ya hau kaset ya koma darajar VHS.

Idan aka yi la'akari da waɗannan, za a ga cewa naɗar sabon shiri a kaset abu ne mai yiwuwa, amma ribarsa kaɗan ce. Dikododin kyauta da yawa suna da kafar USB, suna naɗa kai tsaye a kan filas, hoto bai ragu ba, kuma agogonsu yana canza tasha da kansa. Bugu da ƙari, kowace awa da bidiyo ya yi yana juyi, kansa yana cinyewa, kuma kayan gyaransa an daina ƙera su. Hikima ita ce a tanadi sauran ƙarfinsa domin aikin da shi kaɗai ya iya.

7.0 Ceton Abin da Ke Cikin Kaset

Zaren kaset leda ce siririya mai faɗin rabin inci, an shafe ta da garin maganaɗisu da wani irin danƙo. A cikin E-180 akwai fiye da mita 250 na wannan zare. Zafi da laima suna lalata danƙon, garin ya riƙa zuba, ko zaren ya manne da juna. Yanayin Marwa bai yi wa kaset sauƙi ba. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, da damina laima kan jawo fumfuna, da hunturu kuma ƙura ta shiga ko'ina.

Ba kaset kaɗai ke tsufa ba. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa injinan kunna kaset da kayan gyaransu suna ƙarewa, kuma aikin juyar da kaset zai yi wuya ƙwarai daga wajen 2025. Wannan shekara ta riga ta wuce. Kaset mai lafiya da babu injin kunna shi, da wanda ya lalace, duk ɗaya ne.

Ga matakan da ya kamata a bi:

1. A duba kaset ta 'yar tagarsa. Idan an ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ce. Kada a sa shi a bidiyo, domin zai ɓata kan injin ya kuma shafa wa sauran kaset-kaset. A ware shi a kai wa mai gyara.
2. A ɓalle ɗan marfin da ke ƙeyar kaset. Idan babu shi, bidiyo ba zai yarda ya naɗi wani abu a kai ba, ko da an danna REC bisa kuskure.
3. A fara gwada bidiyon da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Injin da ya daɗe a ajiye, robobinsa sukan saki, sai ya ci zare.
4. Idan hoto yana rawa ko layi yana ratsa shi, a daidaita da maɓallin TRACKING. Idan bai gyaru ba, kan injin, wanda masu gyara ke kira hed, yana son gogewa. Kada a sa masa auduga, tana iya karya shi.
5. A haɗa AV OUT na bidiyo da 'yar na'urar da ke shigar da hoto cikin kwamfuta ta kafar USB, a zaɓi PAL ko SECAM daidai da kaset ɗin. Aikin ba shi da gajeriyar hanya: kaset na awa uku, awa uku zai ci.
6. A ajiye fayil ɗin a wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gida dabam. Kwafa daga kaset zuwa kaset tana rage hoto a kowane karo, amma kwafar fayil ba ta rage komai.
7. Kada a yar da kaset ɗin bayan an juye shi. A mayar da zarensa farko, a sa shi a kwalinsa, a jera shi a tsaye kamar littafi, nesa da rana da lasifika.

Akwai kuma batun amana. Kaset ɗin biki yana ɗauke da matan gida cikin shagalinsu, a wurin da ba a yi don idon bare ba. Muddin yana kaset, sai wanda ya shigo ɗaki zai gani. Da zarar ya zama fayil, cikin minti guda zai iya zaga gari ta waya. Don haka a zaɓi mai juyi da aka yarda da shi, a tsaya a kansa, a tabbata ya goge abin daga kwamfutarsa. Fim ɗin kasuwa kuma yana da masu haƙƙinsa. Juyar da shi domin adanawa dabam, sayar da shi dabam.

8.0 Amfanin Wannan Ga Ɗalibin Harshe

Mai ɗaukar hoton biki a 1995 ba nazarin harshe ya je yi ba, amma ya naɗo abin da mai nazari ke wahalar samu, wato magana ta yau da kullum daga bakin mutanen da ba su damu da na'ura ba. A cikin kaset ɗaya na ɗaurin aure a Marwa ko Garwa ana iya jin gaisuwa, da addu'ar liman, da kirarin maroƙi, da waƙar 'yan mata, da barkwancin abokan ango. Da yawa daga tsofaffin da suka yi magana a ciki sun riga mu gidan gaskiya.

Irin wannan kaset zai iya amsa tambayoyi kamar haka: a wane gurbi mai magana ke barin Hausa ya koma Fillanci ko Faransanci? Shin yana bambanta jinsin namiji da na mace kamar Bakano? Yana bambanta k da ƙ? Da wane harshe ake ƙirga kuɗi, da wanne ake yin addu'a? Ɗaliban Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, da na Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, su ne mafi kusa da wannan taska. Sharaɗi shi ne a nemi izinin masu kaset, a kuma rubuta shekara da wuri da irin taron da harsunan da aka ji, tun akwai masu iya tunawa. Fayil maras bayani rabin amfaninsa ya tafi.

8.1 Kalmomin Wannan Fage

Kalmomin da aka yi amfani da su a takardar su ma abin nazari ne. Za a iya kasa su gida biyu.

Kashi na farko kalmomin aro ne. Bidiyo, dikoda, eriya, rimot, dish da filas daga Ingilishi suke, kuma su ake ji a Kano. A Marwa da Garwa, inda Faransanci ne harshen makaranta da ofis, mai saye zai fi jin tele da parabol da telekomand. Ana iya gane hanyar da abu ya biyo ya shigo gari daga sunan da ake kiransa da shi.

Kashi na biyu kalmomin Hausa ne da aka faɗaɗa ma'anarsu. Zare na saƙa ne, ya zama na kaset. Naɗa ta rawani ce da tabarma, ta zama ɗaukar murya, kuma ta dace domin zaren naɗe shi ake yi. Faifai na rufe ƙwarya ne, ya zama na garmaho, sannan na VCD. Ana kamo tasha kamar yadda ake kamo akuya, bidiyo kuma yana cin zare. Ita kanta tasha tsohuwar kalmar aro ce, ta fara da jirgin ƙasa da mota kafin ta kai ga rediyo da talabijin. A lura cewa har yanzu ana cewa an naɗi murya a waya, alhali babu sauran zaren da ake naɗewa. Kalma takan fi na'urar da ta haife ta tsawon rai.

9.0 Kammalawa

A wannan takarda an nuna cewa komawa talabijin na dijital sashen kamo tasha kaɗai ya hana aiki a cikin bidiyo. Kunna kaset yana nan kamar da, ta waya mai kai uku, ko Péritel, ko na'urar juyi zuwa HDMI. Naɗar sabon shiri ma yana yiwuwa ta hanyar dikoda, sai dai filas ya fi shi sauƙi da kyan hoto. An kuma nuna cewa kaset na lalacewa, injinan kunna shi na ƙarewa, kuma abin da ke cikinsa, musamman na bukukuwan gida, ba shi da madadi. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Bidiyon da ke aiki a Dugoi ko a Garwa a yau, abin da ya fi dacewa da shi shi ne a gyara shi, a fara da kaset mafi tsufa da wanda babu kwafinsa, a juye su ɗaya bayan ɗaya tun injin yana iya juyawa.